Katakon Baffa Hamisu

A Legas aka fara cutata, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ina ganin cutar tana zuwa na kasa kauce mata. Ni mutum ne mai yawan fargaba. Tun daga Matameye nake taɓa aljihu in ji kartata ta shaidar ɗan ƙasa tana nan, in taɓa katin rigakafi, sannan in sake taɓa aljihun don kada taɓawar farko ta zubar da wani abu. Matata Rabi tana cewa ko shagon ɗinkina na kulle, sai na dawo daga bakin masallaci na girgiza kwaɗon. Ba ƙarya ta yi mini ba. Duk da haka, da wani mutum mai farar hula ya tare ni a tasha ya yi mini sallama da Hausa mai taushi, sai na ji kamar an sauke mini kaya.

"Malam, daga ina?"

"Daga ƙasar Damagaram."

"Allahu akbar! Ai kakata 'yar can ce. Ina zuwa haka?"

Na ce Abijan. Ya ce na yi sa'a, akwai mota ta kai tsaye, ba sauka ba canji, cikon fasinja kawai take jira. Zuciyata ta ce a'a. Amma na ji nauyin in tuhumi Musulmin da ya ambaci kakarsa. Na biya, ya ba ni tikiti, har ya ɗaukar mini jaka zuwa bakin mota yana yi mini addu'a. A Kwatano direba ya kashe mota ya ce an iso. Na nuna masa tikitina. Ya juya shi gaba da baya, ya miƙo mini, ya ce in adana shi, takardar tana da kyau.

Ba neman kuɗi ya fitar da ni gida ba. Gwaggona Saude ce ta aike ni, yayar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage mana cikin manya a gida. Tana da ƙane, Baffa Hamisu, wanda ya tafi Abijan tun ba a haife ni ba. Wani mai fataucin albasa ya dawo ya ce ya gan shi a can, kuma ba shi da lafiya. Ita kanta Gwaggo gani ya ragu, ƙafa ta fara gazawa. Ta kira ni ta riƙe hannuna ta ce, "Laminu, kai ka yi lakwal, kuma kai ne ba ka yar da abu. Je ka kawo mini Hamisu in taɓa shi tun ina gane mutane." Lakwal ɗin da take faɗa, wato makarantar boko, ƙarama ce kawai na gama, Faransancina na gaisuwa ne da karatun allon hanya. Amma ban iya ce mata a'a ba.

Duk wanda ya tashi a Matameye ya san Hamisu Gada, ko bai taɓa ganinsa ba. Shi ne ɗan lakwal ɗin da maraƙi ya tsinke ranar kasuwa, ya bi shi ya kamo shi ta wutsiya, mushen makaranta, wato malaminsu, yana kallo. Mushen ya kai shi Damagaram ya yi tseren mita ɗari ƙafa ba takalmi, ya bar kowa a baya. Daga nan sai Yamai, cikin shekarun farko na samun 'yanci, inda ya zama zakaran ƙasa duka, aka faɗi sunan garinmu a rediyo. Akwai hotonsa ɗaya a ɗakin Gwaggo: dogo, cikin gajeren wando, ƙirji a gaba. Har yau in yaro ya zo a guje, tsofaffi suna ce masa, "Sannu, Gada." A gida an ɗauka yana can yana koyar da gudu, da gidansa na bene. Ni ma da wannan tunanin na tafi, har na ɗinka masa kaftani da wando bisa tsawon da na ƙiyasta a hoton.

Daga Kwatano na dinga gutsurar hanya, ƙaramar mota bayan ƙaramar mota. A Lome na fara ganin teku. Mutane suna cewa abin sha'awa ne, ni kuwa hankalina bai kwanta da shi ba, ruwan da ba ya tsayawa wuri ɗaya ko na ɗan lokaci. A kan iyakar Gana aka ce katin rigakafina akwai hatimin da bai fito sosai ba, aka zaunar da ni kan benci, motata ta tafi. Ina zaune ina lissafin duk abin da zai iya faruwa: a mayar da ni, a kulle ni, Gwaggo ta rasu ina kan benci. Wata mata mai sayar da burodi ta daɗe tana kallona. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta. Ta yanka burodi ta shafa man gyaɗa ta ɗora mini a gwiwa, ta je ta tsaya kan jami'in tana yi masa faɗa da hannu a ƙugu har ya gaji ya jefo mini katina. Na so in biya burodin, ta buge mini hannu. Har yanzu ina jin nauyin ban san sunanta ba, balle in sa ta cikin addu'a da suna.

Ƙasar Gana na ratsa ta cikina yana ciwo. Abincinsu akwai tsami da yaji, kuma kowane kwano sai na tsaya tambayar wane nama ne, wa ya yanka, har masu abinci suna ganina suna juya baya. Na koma burodi da ruwan leda. Ba abin da nake tunawa sai furar Rabi da ƙamshin gero in ana sussuka. In na kira gida, ita kuma sai ta ce, "Gwaggo tana tambaya ko kun taso." Ni da ko ganinsa ban yi ba.

Da na isa Abijan, kai tsaye na nufi babban filin wasanni, don a tunanina nan ne wurin mai gudu. Na nuna wa mai gadin ƙofa hoton a wayata. Ya kira abokinsa, suka duba tare, suka tambaye ni ko zamanin Annabi Nuhu aka ɗauke shi. Wani ya ce ya san shi sarai, in ba shi na taksi ya je ya zo da shi. Wannan karon na riƙe aljihuna. Sai da na ɓata kwanaki ina zagayen filaye kafin na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na je kasuwar albasa ta Ajame inda 'yan ƙasarmu suke. Ban gama faɗin sunan ba wani dattijo ya ce, "Tsohon nan mai karkarwa? Bi layin masu gawayi, ka tambayi gidan Madam Akisi mai aceke."

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakiya. A bakin ɗakin ƙarshe wani tsoho yana zaune kan kujerar roba, ya ranƙwafa, hannunsa na dama yana rawa a kan cinya kamar yana jan carbi. Na wuce shi ina neman Baffa. Sai na ji an ce, "Kai, wannan tafiyar ta Sale ce." Sale mahaifina ne. Na juyo na durƙusa. Ban san lokacin da hawaye suka zo ba.

"Kai ne wa a cikinsu?"

"Laminu, Baffa."

"Sale fa?"

"Ya rasu, Baffa. An daɗe."

Hannun yana ta aikinsa. Can ya ce, "Yaya Saude?" Na ce tana nan, ita ta aiko ni. Ya ce, "To."

Madam Akisi mace ce gajera mai ƙiba, Kirista, mai sayar da aceke, abincin garin rogo, tana jin Hausar kasuwa. Ita take ba shi abinci tun da matarsa ta rasu, ita take karɓo masa ƙwayoyinsa a likita. Shampiyon take kiransa, wato zakara. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ku ne dangi? Sai yanzu?" Na sunkuyar da kai. Da na fito da kaftanin da na ɗinka, ta ɗaga wandon ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce wannan sai a sa Shampiyon biyu a ciki. Na zauna na rage shi da allurar hannu.

Ranar nan da la'asar na ga ciwon da idona. Baffa ya miƙe zai shiga ɗaki ya yi salla. Ya yi taku kaɗan lafiya lau, yana isa bakin ƙofa sai ƙafafunsa suka manne da ƙasa. Jikinsa yana son gaba, gwiwoyi suna rawa, tafin ƙafa ya ƙi ɗaguwa. Na kama hannunsa na ja. Madam Akisi ta daka mini tsawa daga wajen murhu.

"Kar ka ja! Ka ja, ya faɗi!"

Ta goge hannu ta ciro wani abu daga ƙusa a bango: katako biyu masu faɗin tafin hannu, an haɗe gindinsu da fata. Ta shiga ɗakin ta tsaya tana fuskantarsa, ta ɗaga murya kamar soja.

"A bo mark!"

Baffa ya ɗan sunkuya.

"Pere!"

Ya ɗaga kai. Ta haɗa katakon, ƙau! Sai ga Baffa ya taho da ƙananan taku masu sauri, ta yar da katakon ta tare shi da ƙirji.

Ta ce mini likita ya ce ciwon ba ya warkewa, kuma haka yake, ƙofa ko wuri mai ƙunci ko taron jama'a sai ya kulle masa ƙafa. Wata rana ya maƙale a bakin ban ɗaki, ta rasa yadda za ta yi, haushi ya sa ta buga marfin tukunya biyu, sai ta ga ya tafi. Shi ne ya koya mata kalmomin da ake tayar da masu tsere da su, ku ɗauki wuri, ku shirya, ya kuma sassaƙa katakon da kansa daga akwatin kifi, irin wanda mushensu yake bugawa a Matameye don ba su da bindigar tashi.

"Abu biyu ne, tela," ta ce. "Ka tayar da shi, ka tare shi. In ya tashi ba ya da birki. Ka ji? Abu biyu."

Na ce na ji. Na dinga maimaitawa a raina har a cikin salla, Allah Ya yafe mini.

Tafiya kuwa Baffa ya ƙi ta. Bai ce a'a ba, kullum dai gobe. Gobe in ya karɓo magani. Gobe in ya yi sallama da liman. Ni kuma ba na iya zama, in shiga in fita, in je tasha in tambayi mota in dawo, in kira gida in kashe kafin a ɗauka don ban san abin da zan ce ba. Shi kuwa sai ya zaunar da ni ya yi ta ba ni labari.

Ya ce a zamaninsu babu ƙarfen da ake tokare ƙafa da shi. Kowa yana zuwa da ɗan cokalin magina, ya haƙa ramuka biyu a bayan layi, ya gwada, ya ƙara haƙa. "Wanda bai iya haƙa ba ya faɗi tun bai tashi ba. Ni nawa na daidaita su da tsawon tafin hannuna, ba na bari kowa ya gani." Ya ce ranar da aka fara ba shi takalmi mai ƙusoshi a Yamai, ya ji kamar an ɗaure masa kaji a ƙafa, ya cire ya ba wani ya riƙe masa, ya ci tseren da ƙafarsa ta gado. Da aka kawo su Abijan wasa, wani kamfani na bakin ruwa ya riƙe shi, aka ba shi aiki don ya dinga yi musu gudu. Ya yi musu shekaru yana ci. Rana ɗaya, ana tsakiyar tsere, ya ji kamar an jefe shi da dutse a agara. Jijiya ce ta tsinke. Aikin ofis ya koma gadi, gadin ma ya ƙare.

"Me ya hana ka dawowa, Baffa?"

"Na ce sai ƙafar ta warke. Da ta warke na ce sai na tara abin hannu. Ka san Matameye a guje ta san ni, ɗan Sale. Yanzu in koma ana buga mini katako kamar ana korar tsuntsaye a gona?"

Madam Akisi ce ta fisge wayata wata safiya ta ce in kira tsohuwar. Rabi ta kai wa Gwaggo wayar. Na sa a kunnen Baffa, amma muryar tana fitowa kowa yana ji.

"Hamisu?"

"Yaya."

"An ce ba ka iya tafiya sosai."

"Haka ne, Yaya."

"To ni gudu na ce ka zo ka yi mini? Ni ma ba na gani sosai. Ka zo mu zauna."

Bayan kwana kaɗan muka kama hanya. Madam Akisi ta raka mu tasha, ta tayar da shi a bakin mota da hannunta, ta rataya mini katakon a wuya. Ba ta yi kuka ba sai da ta juya baya. Na ga kafaɗunta.

A kan iyakar Kuddibuwa da Gana ake sauke fasinja su wuce da ƙafa, motar ta jira su a gaba. Akwai wata 'yar hanya tsakanin shingen ƙarfe biyu, jandarmomi da bindigogi a kowane gefe. Tun daga nesa na san abin da zai faru, kuma ya faru. Baffa yana shiga tsakanin ƙarafan ya tsaya cak. Mutane suka taru a bayanmu suna tsaki. Aparantin motarmu, yaron direba, yana can gaba yana ɗaga hannu yana ihu. Wani jandarma ya matso yana kallon hannun Baffa da ke rawa, ya tambaya ko tsohon ya sha ne, ko kuwa akwai abin da ya ɓoye.

Katakon yana wuyana, amma tunani ya cika mini kai. In na buga, ƙarar kamar ta bindiga ce, ga mutane da yatsa kusa da kunamar bindiga. In wani ya firgita ya harba fa? In an ce na tayar da hankali a kan iyaka fa? Na matsa kunnen Baffa na raɗa masa kalmomin, na haɗa katakon a hankali. Ko gezau.

"Ba a tayar da mutum da raɗa," Baffa ya ce, gumi yana zuba masa. "Buga, ɗan Sale."

Na yi wa jandarman bayani da guntun Faransancina, ban san ko ya gane ba. Na rufe ido na ƙwala murya yadda ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na buga. Wata mata ta yi salati ta zubar da kayanta. Jandarman ya yi tsalle baya. Baffa ya tafi.

Sai a lokacin na tuna ina bayansa. Abu biyu aka ce mini, na yi ɗaya. Na bi shi ina kira, shi kuwa taku yana ƙara sauri, kai yana gaba da ƙafa, har ya je ya faɗa kan teburin mai lemu. Lemu ya watse cikin titi. Baffa yana ƙasa, goshi ya fashe, hularsa a cikin kwata. Mutane suka yi ta dariya, har da jandarmomin. Wani yana kwaikwayon muryata. Mai lemun dai, Allah Ya saka masa, bai nemi komai ba, shi ya ɗaga Baffa ya wanke masa goshi da ruwan shansa.

A cikin mota Baffa ya juya fuska ga taga har muka yi nisa cikin Gana. Ni kuma ina ta ba shi haƙuri, ina duba goshin, ina tambayar ko yana ganin jiri, har ya ce in bar shi ya huta. Can ya juyo.

"Laminu, a hanya ka yi yadda ka ga dama, ba wanda ya san ni. Amma ka yi mini alkawari. In mun shiga Matameye ba za ka buga wannan abin ba."

"Baffa, in ka tsaya fa?"

"In tsaya. Ka yi alkawari."

Na yi. Ina gama faɗa na san na ɗauko abin da ya fi ƙarfina.

Sauran hanyar na koyi aikina. Kowace iyaka, kowace ƙofar masallacin tasha, kowane matakin mota, sai in wuce gaba in juyo, in tayar da shi in tare shi. A Legas wasu 'yan tasha suka ɗauka wasa muke yi don a ba mu sadaka. A Kano wani direba ya ce aljanu ne, ya san malamin da zai cire su. Ban kula kowa ba. Abin da ke cina ɗaya ne: zauren gidanmu. Ƙofarsa ƙarama ce, ciki da duhu, sannan akwai wata ƙofar kafin tsakar gida. Na auna shi a raina ya fi a ƙirga. Na yi tunanin in goya shi, na san ba zai yarda ba. Na yi tunanin in sa a fito da Gwaggo waje, na tuna ba ta iya taka dokin ƙofar. Na yi tunanin ko tafi da hannu ba ya cikin alkawarin, na ga wannan wayo ne kawai, alkawari alkawari ne. Daga Daura zuwa Ɗan Barto wannan lissafin nake ta yi.

Mun shiga Matameye da hantsi. Na roƙi Rabi kada ta gaya wa kowa, amma muna shan kwanar unguwarmu na ga ƙofar gida cike. Tsofaffi a kan tabarmi, mata a bakin katanga, yara har kan bishiya. Wani ya ce, "Ga Gada nan!" Baffa ya sauka daga mota da kansa, cikin kaftanin da na rage. Ya gyara hula don ta rufe tabon. Ya taka a hankali, yana amsa gaisuwa, kansa a sama, har na fara cewa ko Allah Ya kawo sauƙi. Taku kaɗan ya rage zuwa zaure, ƙafafun suka kama ƙasa.

Gaisuwa ta ɗauke. Kowa yana kallo, ba wanda ya gane. Daga ciki muka ji muryar Gwaggo: "Ya iso? Me ya tsayar da shi?" Baffa yana ƙoƙari, gwiwoyi suna rawa, gumi yana bin wuyan kaftani. Katakon yana cikin jakata, hannuna yana kansa. Na dube shi, ya girgiza mini kai.

Sai wani tsoho ya yunƙura daga kan tabarma yana dogara sanda. Alhaji Mamman ne na garin Dawce, ɗan kawunsu, taubashin Baffa, wanda suka yi lakwal tare. Tun ina yaro nake jin yana cewa shi ne na biyu a kowane tsere, kuma duk cutarsa aka yi. Ya zo ya tsaya ya leƙa fuskar Baffa.

"Kai, Gada! Tsoron gidan kake ji, ko sai an shimfiɗa maka darduma? An je birni an koyo yanga."

"Mamman," Baffa ya ce, "ashe ba ka mutu ba."

"In mutu in bar maka bashin tsere? Shekara nawa ina jiranka." Ya duƙa ya dubi ƙafafun Baffa, ya daɗe yana kallo. Ban san abin da ya gane ba, har yau ban tambaye shi ba. Ya miƙe ya gyara tsayuwa kafaɗa da kafaɗa da shi, ya ja layi a ƙasa da sandarsa. "Daga nan zuwa tabarmar Saude. Ni da kai. Yau jama'a za su ga wanda mushe yake so da wanda ya iya gudu."

Aka fashe da dariya. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Alhaji Mamman ya waiga ya ce, "Wa zai tayar da mu? Kai tela, nemo mana ko faranti ne."

Na ce, "Alhaji, ni na yi alkawari."

"Alkawarin me?"

Na dubi Baffa. Ya dubi layin da ke gabansa, ya dubi Mamman yana naɗe hannun riga yana huci tun ba a fara ba. Na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Ɗan Sale," ya ce, "wannan tsere ne. Fito da katakon."

Wannan karon ban manta ba. Na ratsa zaure da gudu na fita tsakar gida na juyo, inda nake hango su ta ƙofofin biyu. Gwaggo tana bayana a kan tabarma tana tambayar me ake yi. Na ɗaga katakon sama yadda kowa zai gani.

"A bo mark!"

Tsofaffin biyu suka sunkuya.

"Pere!"

Ƙau!

Ƙofar ba ta cin mutum biyu, kuma Baffa ne ya riga shiga. Na ji takunsa cikin duhun zaure, ƙanana, masu sauri, jama'a suna ihu a waje suna kiran Gada. Ya fito cikin haske kai a gaba. Na yar da katakon na buɗe hannu, ya faɗo mini a ƙirji, nauyinsa ya tura ni baya har muka zube gaba ɗaya a bakin tabarma. Gwaggo ta miƙo hannu tana lalube, ta sami hularsa, ta sami kunnensa, ta riƙe fuskar da hannu biyu.

Sai ga Alhaji Mamman ya ɓullo daga zaure yana haki, sanda a sama.

"Ya riga katako tashi! Wallahi kowa ya gani! Halinsa ne tun muna yara. A sake!"

Gwaggo ba ta saki fuskar ba.

"Ba a sakewa, Mamman," ta ce. "Ya iso."